Hirar besbol, Mayu 2025: Dodgers sun sayo hannaye masu tsada, ga su duk a gadon jinya

Direban Inglewood
Salamu alaikum jama'a. Tun daren jiya nake son buɗe maganar ƙungiyarmu ta besbol, Los Angeles Dodgers, na bari sai da zuciyata ta ɗan huce. Angels, maƙwabtanmu da ke kwance a ƙasan teburin rukuninsu, sun tako har Dodger Stadium sun yi mana cin kaca, wasa uku ba mu ɗauki ko ɗaya ba: 6-2, 11-9, 6-4. Na san wani zai ce ai mun ci wasa 29 an ci mu 18, kuma har yanzu mu ne a sama. Ban musa ba. Amma ku zo mu ƙirga masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo. Blake Snell da aka ba dala miliyan 182 na shekara biyar, wasa biyu kacal ya yi kafaɗa ta kwantar da shi. Glasnow ya fita daga wasan Pirates bayan zagaye ɗaya a ƙarshen Afrilu, shi ma kafaɗa. Sasaki, kafaɗa. Treinen da Phillips, hannu. Shekaranjiya Kirby Yates ya dafe cinya ya bar fili. Shohei Ohtani kuma, mai iya bugu da jifa duka, har yau bugu kawai yake yi. A watan Maris ana ta cewa masu jifa sun yi mana yawa, ba a san inda za a sa su ba. To ina suke?

Ɗan Bronx
Wa alaikumus salam Yaya Direba. Sannu da jinya. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amma kada Ya sa su warke kafin Oktoba, watan wasannin neman kofi.

Direban Inglewood
Kai dai ba ka da ta cewa. Ku Yankees kuna gaba da mu 5-0 bara a wasa na biyar na World Series, gasar ƙarshe ta ɗaukar kofi, Judge ya saki ƙwallo kamar an shafa mata man gyaɗa, Cole ya tsaya yana nuni da yatsa bai je ya tsare tasha ta farko ba, inda mai bugu ke fara rugawa in ya buga ƙwallo.

Ɗan Bronx
Ka taɓa ni inda yake ciwo. Gidanmu tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa Yankee Stadium, daren nan unguwar ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Amma da gaske nake, abin bai tsaya kanku ba. Cole ɗin da kake zolaya an yi masa aikin gwiwar hannu tun Maris, ba zai yi jifa ba bana ko sau ɗaya. Luis Gil ma bai fara ba. Max Fried ne ya rufa mana asiri. Bambancin kawai, mu mun yi rashin mutum biyu muna ta kuka, ku kun yi rashin tawaga guda kuna saman tebur. Kuɗi ƙare magana.

Sabon Shiga daga Kano
Don Allah manya a yi mini uzuri. Ni saboda Ohtani na fara kallon besbol bara, ta YouTube. Me ya sa ciwon mai jifa ɗaya yake zama tashin hankali haka? Ba sai a sa wani ba, kamar yadda ake canza gola?

Mai Lissafi
Ƙanena, tambayarka ita ce gindin maganar. Wasa ɗaya zagaye tara ne, a kowane zagaye sai ka fitar da masu bugu uku na abokan hamayya. Wato mutum 27 kenan a kowane wasa, kuma wasa 162 ake yi a kaka, kusan kullum. Mai buɗe wasa yakan yi jifa 90 zuwa 100, in Allah Ya taimake shi ya kai zagaye shida, daga nan hannunsa ya mutu sai ya huta kwana huɗu ko biyar. Shi ya sa ake buƙatar masu buɗewa biyar suna karɓa-karɓa. Sauran zagayen 'yan bulfen ne suke ƙarasawa, su ne masu shigowa su yi zagaye ɗaya da dukkan ƙarfinsu su fita. Doka ta ce cikin 'yan wasa 26 da ke kan takarda, masu jifa kada su wuce 13. To in mai buɗewa ya tsaya a zagaye huɗu, zagaye biyar sun hau kan bulfen. Yau haka, gobe haka. Bana babu ƙungiyar da bulfen ɗinta ya yi aiki kamar na Dodgers a duk MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Mutumin da aka saba yana ɗaukar buhu ɗaya aka ɗora masa uku, ai jiki magayi. Ciwon Treinen da Phillips ni ban raba shi da na Snell da Glasnow ba.

Sabon Shiga daga Kano
Na gane yanzu. Ashe gola biyar ne, kowa da ranarsa.

Kawu na Tun Zamanin Fernando
'Ya'yana, ni ina filin ranar Asabar da tsohon mai jifarmu Clayton Kershaw ya dawo. Jikana ne ya saya mini tikiti, can sama inda ake hango duwatsu. Lokacin da ya fito daga bulfen yana tafiya zuwa benci da jakarsa a kafaɗa, mutane suka miƙe tsaye, wata dattijuwa Bamekisikiya kusa da ni tana share hawaye da hular ƙungiya. Shekararsa ta 18 kenan da riga ɗaya. Sai aka fara. Zagaye na farko kawai aka zuba masa maki uku. Kana ganin yana neman gefen farantin da ke gaban mai bugu, ƙwallon na ƙin zuwa inda ya aike ta, yana cire hula yana goge goshi. Zagaye huɗu ya yi, maki biyar. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, mutumin da aka yi wa aiki a gwiwa da yatsan ƙafa a watan Nuwamba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ƙungiyar da ta fi kowa kashe kuɗi ta wayi gari a tsakiyar Mayu tana jiran ɗan shekara 37 ya cece ta.

A zamaninmu ba haka ake ba. A 1986 Fernando Valenzuela ya fara wasa ya ƙarasa shi da kansa har sau 20. A 1988 Hershiser ya yi zagaye 59 a jere ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Ba wanda yake tsaye da na'ura yana ƙirga musu jifa. Yaran yanzu an mayar da su ƙwai, kuma duk da haka fashewa suke.

Mai Gashin Ƙashi
Kawu, Allah Ya ƙara girma, amma a ba ni dama in ɗan yi gyara. Su biyun da ka ambata su ne hujjar da ba ta goyi bayanka ba. Kafaɗar Fernando ta ba da matsala a 1988, bai sake komawa yadda yake ba, Dodgers suka sallame shi a 1991 yana da shekara 30. Hershiser aka yi masa babban aiki a kafaɗa a 1990. Koufax ya yi zagaye 323 a 1966, ya ci wasa 27, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30 saboda gwiwar hannunsa ta lalace. Da ma can hannaye suna lalacewa, sai dai a da in naka ya lalace gida kake tafiya, ba wanda zai sa sunanka a jerin majinyata a yi ta lissafi.

Abin da ya canza shi ne ƙarfin jifa. Mutanen da suna tattalin ƙarfi, sai an shiga matsi su saki na gaske. Na yanzu kowane jifa da iyakar ƙarfi ake yinsa, mil 97 ko 100 a awa, wato kusan kilomita 160, kuma ana murɗa ƙwallo don ta karkace. Akwai wata 'yar jijiya a gefen ciki na gwiwar hannu, ita ke riƙe ƙasusuwa lokacin da hannu ya koma baya zai saki ƙwallo. Kana iya ɗaga ƙarfe tsoka ta ƙaru, amma ita wannan jijiyar ba ta ƙaruwa daidai da tsoka. MLB da kanta ta fitar da rahoto a Disambar 2024, abin da ta ɗora wa laifi a gaba shi ne wannan farautar gudu da murɗa ƙwallo.

Ku gwada wani abu yanzu a inda kuke. Ku haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa, ku ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Yawancinku za ku ga wani zare ya taso a tsakiya. Shi ake yawan cirewa, a huda ƙasusuwan gwiwar hannu, a zura shi ya maye gurbin jijiyar da ta tsinke. Wasu mutane ba su da shi sam, sai a ɗebo daga bayan cinya. Wannan shi ne aikin Tommy John, kuma a gidan Dodgers aka haife shi: likitansu Frank Jobe ya fara yi wa mai jifarsu Tommy John a 1974. Mutumin ya dawo ya ci wasa 164 bayan aikin, bai daina ba sai 1989 yana da shekara 46. Jinyar takan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Abin da ke tayar mini da hankali a bana, ba gwiwar hannu ba ce ga manyan ukun, kafaɗa ce. Gwiwa an san kanta. Kafaɗa kuwa tsokoki da jijiyoyi ne da yawa suke aiki tare, in aka ce maka kumburi ne kawai, ba ka san ranar dawowa ba.

Sabon Shiga daga Kano
Likita wallahi na gwada, hannun dama akwai, na hagu babu. Lafiya kuwa?

Mai Gashin Ƙashi
Lafiya ƙalau. Sai dai in ka zama mai jifa, ka riƙa tattalin na daman.

Kawu na Tun Zamanin Fernando
Likita na ji, kuma na karɓi gyaran Fernando, don na tuna yadda aka yi ta zargin an gajiyar da shi. Amma ban janye duka ba. In ka gaya wa yaro zagaye biyar kawai ake so daga gare shi, ai kai ka ce masa ya zubar da duk abin da ke jikinsa. Ku kuka koya musu.

Mai Gashin Ƙashi
A nan kam ban da ja, Kawu.

Ɗalibin Chiba
Ina kwana daga nan, ku kuma barka da dare. Bari in sa baki kan Sasaki, don a garin da nake karatu ya yi wasa, Chiba Lotte Marines. Wanda bai gan shi a nan ba ba zai gane me ya sa aka yi ta rububinsa ba. Ranar 10 ga Afrilu 2022 ya fitar da mutum 27 na Orix a jere ba wanda ya taka tasha, 19 daga ciki da jifa ya kore su, wato sun kasa buga ƙwallon, 13 a jere. Yana da shekara 20. Amma mutanen nan sun san ɗayan gefen. Bai taɓa kai zagaye 130 a kaka ɗaya ba, kuma gudun jifarsa ya ragu tun 2024. A Japan mai buɗe wasa sau ɗaya yake fitowa a mako, wasanni 143 ne, yawanci ana hutun Litinin. Ƙwallon ma ba iri ɗaya ba ce, ta nan ta fi kama hannu.

Na kalli wasansa na farko a Tokyo Dome ta talabijin a ɗakin cin abincin makaranta. Jifan farko-farko suka nuna mil 100, ɗaki ya kaure da ihu. Cikin zagaye uku ya ba mutum biyar tafiya kyauta zuwa tasha ta farko saboda jifan da bai saitu ba, wani malaminmu ya ajiye tsinken cin abinci ya tashi ya fita. Wasa takwas ya yi wa Dodgers, ya kori 24, ya ba 22 tafiya kyauta. Wasan ƙarshe a Arizona ranar 9 ga Mayu bai kori ko mutum ɗaya ba. Ni a ganina tun kafin nan ya kamata a tsayar da shi.

Mai Lissafi
Ƙari a kan haka, makon Arizona ɗin shi ne karon farko a bana da aka rage wa shi da Yamamoto hutu zuwa kwana biyar, saboda babu mutane. Yamamoto ya shiga da ERA 0.90, wato a lissafi ba a cin sa ko maki ɗaya a zagaye tara. Gabriel Moreno ya buga masa homron, wato ƙwallo ta haye shinge, tashoshi cike, maki huɗu a bugu ɗaya. Washegari Sasaki ya sha maki biyar. Ba na cewa kwana ɗaya ne ya jawo komai, amma ka ga yadda rashin mutum biyu yake taɓa lafiyayyu.

Ɗan Bronx
Ni fa ban yarda tsautsayi ba ne. Friedman, mai ɗauko wa Dodgers 'yan wasa, ya san abin da yake saye. Glasnow a duk rayuwarsa zagaye 134 ne mafi yawa da ya taɓa yi a kaka, kuma bara ne, ita ma bai kai Oktoba ba. An ba shi miliyan 136 da rabi. Snell ya ci Cy Young, kyautar gwarzon mai jifa, a 2018 da 2023, amma shekarun nan biyu ne kaɗai ya kai zagaye 180. Wanda ya sayi mota mai gudu da ya san rabin shekara a gareji take, kada ya zo yana mana kukan makanike.

Mai Lissafi
Ka faɗi gaskiya, kuma ina jin su ma ba za su musa ba. Lissafinsu shi ne a tara mutum goma masu kaifi, in uku ko huɗu suna tsaye a Oktoba ya wadatar. Bara da masu buɗewa uku suka ɗauki kofi, Flaherty, Yamamoto da Buehler, ranar da babu kowa sai bulfen ya yi wasan daga farko har ƙarshe. Buehler ɗin ma shi ya zo ya rufe wasa na biyar. Masu bugu kuma suna rufe ɓaraka: ranar da Sasaki ya sha kashi, 14-11 aka tashi mu ne da nasara, Ohtani ya buga homron maki uku a zagaye na tara.

Direban Inglewood
Malam Mai Lissafi, wannan lissafin ne nake jin tsoro. Bara ya yi aiki saboda bulfen ya isa Oktoba da ƙarfinsa, Treinen yana nan daram. Bana tun Mayu ake matse su. Ben Casparius da Jack Dreyer, yara sababbi, kusan kullum ka kunna talabijin suna kan tudun jifa. Tanner Scott da aka ba miliyan 72 don ya rufe wasa, duk lokacin da ya shigo sai na rage muryar rediyo in akwai fasinja a mota, kada ya ji abin da zai fito daga bakina. Kuma ba a maganar yaran gida da aka riga aka yi asara: Gavin Stone ba zai yi wasa bana ba, kafaɗa. River Ryan da Emmet Sheehan, Tommy John. Waɗannan ba sayo su aka yi da ciwo ba, a nan aka raine su. Dole a tambayi me ake koya musu.

Maman 'Yan Biyu
Yaya Direba, ka zo inda nake jira. Ba a Dodgers abin yake farawa ba. Ɗana shekararsa 12, yana wasa a ƙungiyar unguwa. A Little League, gasar yara, doka ta ce ɗan shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a rana, kuma akwai kwanakin hutu na dole. Amma akwai ƙungiyoyin kuɗi masu yawon gasa a ƙarshen mako, can kowa da tasa dokar. Bara wani koci ya sa shi jifa ranar Asabar da safe, ya sake sa shi Lahadi. Ina zaune a kujerar naɗi da ɗan littafina ina jan layi duk jifa ɗaya, na ga yaron ya fara girgiza hannu bayan kowace ƙwallo, yana matse gwiwar a jikin riga. Na tashi na je bakin waya na ce a fito mini da ɗana. Kocin ya ce saura mutum biyu. Na ce ko saura rabin mutum ne. Yaron ya yi kwana uku ba ya mini magana, wai na kunyata shi. Iyayen da ke gefena kuwa wani har da na'urar auna gudu ya zo da ita daga gida, yana nuna wa ɗansa lamba bayan kowane zagaye. To yaron da aka fara aunawa tun yana 12, in ya kai 22 me ya rage a hannun?

Mai Gashin Ƙashi
Hajiya Allah Ya saka. Girgiza hannun nan da kika gani alama ce ta gaske. A shekarunsa ƙashin gwiwar bai gama haɗewa ba, wurin girman ne ke fara ciwo tun kafin jijiya. A bar shi ya yi wata biyu ko uku a shekara ba jifa, ya buga ƙwallon ƙafa.

Maman 'Yan Biyu
Babansa zai ji daɗin wannan, da ma shi bai taɓa gane wasan da ake tsayuwa awa uku ana tauna cingam ba.

Ɗan Bronx
Ba wanda ya ambaci agogo. Tun 2023 daƙiƙa 15 ake ba mai jifa in babu kowa a tasha, in akwai 20, bara aka rage ta koma 18. Ƙungiyar 'yan wasa ta yi ƙorafi a kai. Ga hana shafa abin danƙo a hannu da aka tsananta a 2021, Glasnow da bakinsa ya ce shi ya sa ya riƙa matse ƙwallo har ya ji ciwo, lokacin yana Tampa.

Mai Gashin Ƙashi
Gajiya tana da hannu, ban kore agogo ba. Amma yawan aikin Tommy John ya daɗe yana hawa tun kafin a kawo agogon.

Sabon Shiga daga Kano
To Ohtani fa? In ana neman masu jifa haka, me ake jira?

Mai Lissafi
Ana jiran kada a yi biyu babu. Sau biyu aka yi masa aiki a gwiwar hannun dama, 2018 da 2023, sannan kafaɗar hagu ta goce a World Series aka yi mata aiki a Nuwamba. Kwantiraginsa dala miliyan 700 ne na shekara goma, kuma bara da bugu kaɗai ya yi homron 54 ya saci tasha 59. Ba za su gaggauta shi don wasan Mayu ba. Yana jifan gwaji a bulfen, kocin Dodgers Dave Roberts kuma bai ba da rana ba.

Direban Inglewood
Wato dai mu ci gaba da addu'a ga kafaɗar Yamamoto har a rufe kasuwar musayar 'yan wasa ranar 31 ga Yuli. Padres da Giants suna nan a bayanmu kamar inuwa.

Kawu na Tun Zamanin Fernando
Ku ba Kershaw wasa uku ko huɗu. Ya shigo bana saura masa mutum 32 ya kai 3,000 da ya kora. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Bronx
Kawu, zumar nan ranar Asabar Angels suka lashe ta. Ƙarshen watan nan muna zuwa Los Angeles, a tanadar mana masu jifa ko da na aro ne.

Sabon Shiga daga Kano
Wasan Arizona na yau ƙarfe nawa ne a agogonmu?

Direban Inglewood
Bakwai da minti goma na yamma a nan, wajenku uku da minti goma na dare. Ka kwanta abinka, gobe ne Yamamoto zai fito, shi ya cancanci a hana ido barci. Ni zan sauke fasinja a filin jirgi, in na dawo zan leƙo.